Yadda Ake Sauya Kwanon Yankan Ciyawa na Taraktar Lambu: A Saya Ko A Ƙera?

Ƙaramar taraktar lambu ba ta cika mutuwa ta wajen inji ba. Abin da ke fara sallamawa shi ne kwanon da ke rataye a ƙarƙashinta, wato murfin ƙarfen nan da wuƙaƙe ke juyawa a cikinsa suna yanke ciyawa. Har gobe akwai Cub Cadet irin wadda kamfanin International Harvester ya fara fitarwa a 1961, da John Deere 110 ta 1963, da tsofaffin Wheel Horse, suna tashi suna aiki lafiya lau, amma da wuya ka ga wadda kwanonta na asali bai huje ba. Dalili a fili yake. Jiƙaƙƙen tarkacen ciyawa yana mannewa a cikin kwanon ya riƙe damshi kwana da kwanaki, gishirin takin zamani ya ƙara wa tsatsa ƙarfi, yashi da tsakuwar da wuƙa ke watsawa kuma su kankare fentin su bar ƙarfe tsirara.

Ranar da rami ya bayyana, hanyoyi huɗu ne a gabanka: ka yi faci, ka sayi kwano tsura ka mayar masa da kayan tsohon, ka sayi cikakke sabo ko na hannu, ko kuma ka ƙera naka. Ra'ayina shi ne, in dai ana samun kwano tsura na ainihin samfurin taraktarka, ka saya kawai. Ƙira ta wanda ya nema ya rasa ce, kuma shi ma sai in tsohon kwanon bai karkace ba har ya kasa ba shi awo. Mai walda kowane iri zai iya haɗa akwatin ƙarfe. Abin da ke ka da mutane shi ne awo, da kuma yadda iska ke zagayawa a ciki.

Mataki na farko: sauke kwanon

Ka tsayar da tarakta a daɓen da yake daidai, ka kashe inji, ka zare makulli, ka ja birkin hannu, sannan ka cire wayar fulogi. In silinda biyu ce, ka cire duka biyun. Ka sauke kwanon zuwa matakin ƙasa na ƙarshe.

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hotuna da wayarka: yadda bel ya bi tsakanin fuli da fuli, wato 'yan faya-fayan da yake zagayawa a kansu, inda kowane sifirin ya maƙale, ramin da kowane fil ya shiga. Bayan mako biyu ba za ka tuna ba. Daga nan ka sassauta fulin da ke matse bel, ka zame bel daga fulin inji, ka zare filayen da ke riƙe da kwanon gaba da baya. In taraktarka mai hannun kunna wuƙa ce, akwai waya ko sandar da za ka kwance. Sifirin matse bel yana da ƙarfi sosai, ka kawar da fuskarka daga saitinsa. Sai ka murza sitiyari gefe guda ka jawo kwanon ta gefe, da safar hannu mai kauri.

Mataki na biyu: binciken da zai yanke maka hukunci

A nan ya kamata ka ɓata lokaci, domin duk abin da zai biyo baya ya rataya ne a kan abin da ka gani.

Ka kifar da kwanon, ka kankare busasshiyar ciyawa da ɓawon tsatsa har sai ƙarfe ya fito. Ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shi lungu-lungu kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa rau, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji shi dum, wani wurin ma guduma ta burma. Kada ka tausaya masa, gara ya burma yanzu. Wurare huɗu za ka fi tsanantawa: kewayen inda gidan shaf ya zauna, gindin maratayai, wato ƙarafan da ake rataye kwanon da su a jikin tarakta, bakin da ciyawa ke fita, da gefen gaba da ke karo da saiwa da dutse.

Gidan shaf shi ne dunƙulen da ke ɗauke da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya wuƙa, da boris biyu, fuli a sama, wuƙa a ƙasa. Ka juya kowanne da hannu. In ya yi gurnani ko ka ji kamar yashi a ciki, boris ya tafi. Ka kama ƙarshen wuƙa ka girgiza sama da ƙasa, bai kamata ka ji wasa ba. Ka duba kunnuwan gidan, musamman na alminiyom, domin nan suke tsagewa idan wuƙa ta daki kututture.

Sai gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya. Ka juyo wuƙaƙe biyu maƙwabta har bakunansu su fuskanci juna. Ya kamata su tsaya kai ɗaya, bambancin bai wuce milimita 3 ba. Ka juya kowace rabin zagaye ka sake dubawa. In bambancin yana canzawa, wuƙa ce ta lanƙwashe ko shaf. In ka sa sabbin wuƙaƙe a kan lafiyayyen shaf amma bambancin ya tsaya yadda yake, to kwanon ne ya lotsa a ƙarƙashin gidan shaf.

Yanzu ka raba abin da ka samu gida biyu, lafiyar kwano daban, lafiyar kayan da ke kansa daban. Rami a bangon gefe ko a saman da ba ya ɗauke da nauyi, faci ya ishe shi: ka yanke ruɓaɓɓen wurin har ka isa ƙarfe mai kauri, ka yanko falle daidai ramin, ka yi walda baki da baki. Kada ka ɗora faci a kan tsatsa, ruwa zai shiga tsakani ya ci gaba da ɓarna a ɓoye. Amma idan kewayen gidan shaf ya zama fale-fale a wuri biyu ko uku, ko walda tana huda ƙarfen duk inda ka ɗora ta, wannan kwano ya gama aiki. In kayan kansa suna da lafiya, kwano tsura kake nema. In su ma sun gaji, ka lissafa kuɗin gidajen shaf, fuli, bel, wuƙaƙe da tayoyi ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa za ka ga cikakken kwano ya fi sauƙi.

Ko mene ne ka yanke, kada ka jefar da tsohon tukuna.

Mataki na uku: in saye za ka yi

Ka fara da lambar samfuri da lambar siriyal. A yawancin taraktoci suna ƙarƙashin kujera ko a jikin firam, wasu kwanukan kuma suna da tasu takardar lamba daban. Da waɗannan lambobi ake nema, ba da faɗi ba. Kwano mai inci 42 na wani kamfani ba lallai ya shiga ƙarƙashin taraktar wani ba, kai ko a kamfani ɗaya ana canza maratayai daga shekara zuwa shekara.

Akwai abin da ke faɗaɗa wa mutum nema. Masana'anta ɗaya takan ƙera wa sunaye da yawa. A taraktocin Craftsman, alal misali, lambar da ta fara da 917 ta fito ne daga masana'antar da ke ƙera Husqvarna, wadda ta fara da 247 kuma aikin kamfanin MTD ce. Don haka kwanon da ka rasa da wani suna kana iya samunsa da wani fenti daban.

In na hannu ne, ka tafi da tef da hotunan naka. Ka gwada tazarar maratayai, wurin da bel ke shigowa, gefen da ciyawa ke fita, da tsawon kwanon daga gaba zuwa baya, don ya samu wuri tsakanin tayoyin gaba da na baya ko an murza sitiyari har ƙarshe. Ka tabbata hanyar kunna wuƙa iri ɗaya ce, domin kwanon tarakta mai kulocin lantarki ya bambanta da na mai hannu wajen matse bel da birkin wuƙa. Sannan ka kifar da shi ka yi masa binciken guduma irin wanda ka yi wa naka. Sabon fenti a ƙarƙashin tsohon kwano abin tuhuma ne.

Za ka ji ana maganar kwano iri biyu. Akwai wanda babban inji ya matsa daga falle ɗaya, yawanci geji 13 ko 12, wato kaurin milimita 2.3 zuwa 2.7. Akwai kuma wanda aka yanka aka haɗa da walda, yawanci geji 11 ko 10, milimita 3 zuwa 3.4, na manyan injuna har geji 7, kimanin milimita 4.5. Mutane na raina matsattse saboda rashin kauri, amma lanƙwasar cikinsa sumul take, iska na gudu a ciki ba tangarɗa, shi ya sa yankansa ke kyau. Kada kuma ka yi kwaɗayin ƙara faɗi. Kwano mai faɗi yana neman ƙarin ƙarfin inji, yana ƙara wa hannun ɗagawa nauyi, yana kuma gajiyar da giya.

Mayar da kaya kan kwano tsura aikin yini ɗaya ne. Ka zuba wa kusoshi man kwance tsatsa tun daren jiya. Kusoshin da ke shiga gidan alminiyom sun saba karyewa a ciki, kuma sabbin gidaje da yawa suna zuwa da rami ba zare, kusar ce ke yanka zarenta da kanta. Ka tanadi sabbin kusoshi. Ka ajiye kwanukan biyu kusa da juna, ka riƙa cire abu ɗaya kana ɗaura shi nan take, kada ka tara komai a tire ɗaya.

Mataki na huɗu: in ƙira ta zama dole

Kafin ka sayi ƙarfe, ka tambayi kanka ko kana da injin walda da hannun da ya saba da falle mai milimita 3, da injin yanka da gurza, da injin huda, da tebur ko daɓe shimfiɗaɗɗe da za ka ɗaure aiki a kai. In mai walda za ka kai wa, awon dai naka ne, ka tsaya a kansa. Ka kuma sani kwanaki zai ci, kuma in ka haɗa kuɗin ƙarfe da sandar walda da faifan yanka da fenti, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu sai a tarakta mai daraja wadda kayanta suka ɓace a kasuwa.

Kwanon kaɗai za ka ƙera. Wuƙa ba a ƙera ta a gida, ba a yi mata walda, ba a miƙe ta da wuta in ta lanƙwashe. Ƙarfenta an gasa shi ne ta yadda zai lanƙwashe maimakon ya tarwatse, kuma wuta tana ɓata wannan. Gidan shaf da fuli ma ka yi amfani da na asali ko madadinsu masu lamba ɗaya.

Ga dalilin da ya sa nake nanata maganar fuli. Ƙa'idar tsaro ta Amurka mai lamba ANSI B71.1 ta iyakance gudun bakin wuƙa a ƙafa 19,000 a minti ɗaya, kusan kilomita 350 a sa'a. Lissafin ba wuya. Juyin wuƙa shi ne juyin inji sau faɗin fulin inji, a raba da faɗin fulin shaf. A ce inji yana juyi 3,600 a minti, fulinsa inci 5, na shaf inci 5.5. Wuƙa za ta yi juyi kimanin 3,270. In tsawonta inci 21 ne, bakinta yana cin ƙafa 5.5 a kowane zagaye, jimla kimanin ƙafa 18,000, tana cikin iyaka. Ka canza fulin shaf zuwa inci 4.5 don kawai shi ka tarar a ajiye, juyi ya koma 4,000, gudun baki ya kai ƙafa 22,000. Inci ɗaya tak ya fitar da kai daga iyaka, kuma duk dutsen da wuƙar ta ɗauka da wannan ƙarfi zai fita.

*Ɗaukar awo.* Ka kwance komai daga tsohon kwano. Ka samu faifan katako ko kwali mai tauri, ka ja layin tsakiya daga gaba zuwa baya, ka fitar da cibiyar kowane shaf a kai. Kada ka dogara da awo ɗaya: ka auna daga cibiya zuwa cibiya a dukkan ɓangarori, ka auna daga kowace cibiya zuwa kowane marataya, ta yadda kowane wuri yana da awo biyu da ke tabbatar da shi. Sai awon tsaye, wanda aka fi mantawa: nisan daga inda gidan shaf ya zauna zuwa leɓen ƙasa na kwanon, da tsayin ramin kowane marataya, da tsayin mazaunin fulin matse bel. Matsattsen kwano ba shimfiɗe yake ba, yana da tudu da kwari, kai kuwa samanka shimfiɗaɗɗe zai zama. Duk inda tsohon yake da tudu, sai ka yi wa naka ɗan dandamali mai tsayi ɗaya.

Ka lura da yadda aka jera wuƙaƙen. A kwano mai wuƙa uku, ta tsakiya tana gaba, biyun suna baya. A mai biyu, ɗaya takan ɗan riga ɗaya. An yi haka ne don in ka duba daga gaba hanyoyinsu su ɗan hau juna, kada a bar layin ciyawa a tsakani, alhali da'irorinsu ba sa haɗuwa. Ka zana da'irar kowace wuƙa a kan faifan ka gani da idonka cewa akwai rata. Akwai kuma kwanuka masu bel mai haƙora, inda da'irorin suke shiga juna da gaske, bel ɗin ne ke hana wuƙaƙe karo. Irin wannan ban ba ka shawarar ƙera shi ba, kuskuren milimita kaɗan zai sa wuƙa ta sari wuƙa.

*Ƙarfe.* Baƙin falle mai milimita 3 zuwa 3.5 ya isa sama da bango. Wanda ya wuce haka nauyi ne kawai, hannun ɗagawa da sifirinsa ba a yi su don shi ba. Ka guji falle mai rufin zinki, hayaƙinsa lokacin walda yana sa zazzaɓi. Inda gidan shaf zai zauna ka ƙara zobe ko faranti mai milimita 5 zuwa 6. Sai dai ka lura da wannan: in gidan a saman kwano yake zama, kuma ka ɗora farantin a sama, ka ɗaga wuƙa da fuli da kaurin farantin ke nan. Ko ka sa shi a ɗaya fuskar, ko ka cire kaurinsa daga lissafinka.

Maratayai da hannun fulin matse bel sukan fi kwano kauri, don haka sukan tsira. In suna da lafiya ka yanko su daga tsohon ka sake amfani da su, za su rage maka aiki mai yawa.

*Yanka da huda.* Ka kwafi zanen a kan falle, ka buga alama a kowace cibiya da ƙusa mai kaifi kafin ka yanka. Ka ɗaure farantin ƙarfafawa da saman tare ka huda su lokaci guda, don ramuka su dace. Ka sa gidan shaf ɗin kansa ya zama ma'aunin ramukan kusoshi. Bango kuwa dogon falle ne mai faɗin zurfin tsohon kwanon, yawanci santimita 10 zuwa 13. Ka lanƙwasa shi sannu a hankali a jikin wani abu mai zagaye, kana gwadawa da zanen. In ba za ka iya lanƙwasa shi gaba ɗaya ba, ka yi shi gunduwa-gunduwa, amma ka bi da'irar wuƙa gwargwadon iko.

*Walda.* Zafi shi ne abokin gabarka. Falle mai faɗi in ya sha wuta a gefe ɗaya sai ya murɗe, kuma da ya murɗe, shaf ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli yamma. Ka ɗaure saman a tebur, ka gitta masa sanduna biyu ko uku na ƙarfe mai kusurwa, ka riƙe su da matsi. Ka fara da ɗigo-ɗigo kewaye da bangon duka. Ka tsaya ka ɗaura gidajen shaf da wuƙaƙe, ka juya da hannu, ka maimaita gwajin baki da baki. Sai komai ya yi daidai za ka cire su ka ci gaba. Ka riƙa yin walda gajeru, santimita 3 zuwa 5, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, kana barin ƙarfe ya huce da kansa. Kada ka watsa masa ruwa. In walda ta sanda kake yi, siririyar sanda 6013 mai milimita 2.5 ta dace da wannan kauri.

Leɓen bango dole ya sauko ƙasa da bakin wuƙa, aƙalla da milimita 3, ko'ina ban da ƙofar fita. Wuƙar da ta leƙo ƙasa da bango tana jifa ta kowace fuska. Ka bi leɓen da siririn rodi ka yi masa walda, shi zai sha karo a madadin fallen.

*Shingayen ciki.* Wannan shi ne abin da masu ƙira a gida suka fi tsallakewa, sai su yi mamakin yadda kwano mai kyan gani yake yanka mara kyau. Bayan kowace wuƙa akwai ɗan fiffike da ya tashi sama. Shi ke zuƙo iska ya miƙar da ciyawa tsaye a yanke ta, sannan ya tura yankakkiyar zuwa ƙofa. In cikin kwanon akwati ne mai kusurwoyi, iskar tana watsewa, ciyawa ta taru a lungu, ta riƙa faɗowa dunƙule-dunƙule. Don haka ka lanƙwasa siraran falle su bi da'irar kowace wuƙa ta baya da ta gaba, da rata kimanin milimita 6 zuwa 12 tsakaninsu da bakin wuƙa, ka bar hanya buɗe a gaba wadda ke faɗaɗa tana nufar ƙofa. Tsohon kwanon zai nuna maka siffar, ka kwafe ta yadda take. A yawancin kwanuka masu fitarwa ta dama, wuƙaƙe suna juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya in ka duba daga sama, amma ka tabbatar da naka kafin ka yanke ƙofa.

*Abubuwan tsaro.* Murfin ƙofar fita mai sifirin, murafan bel, da takalman birkin wuƙa in kwanon yana da su, duk sai sun koma mazauninsu. Ba ado ba ne. Murfin ƙofa shi ke karkatar da dutse zuwa ƙasa maimakon ya nufi ƙafar yaro ko gilashin taga. Ka yi wa ƙananan tayoyin gefe mazauni mai ramuka da yawa don a iya ɗaga su ko sauke su.

*Maratayai da bel.* Ka tura kwanon ƙarƙashin tarakta, ka ɗora shi a kan katakai masu tsayi ɗaya, ka daidaita layin tsakiyarsa da na tarakta, sannan ka ɗiga maratayai a wurin. In za ka yi ɗigon kwanon yana haɗe da tarakta, ka cire wayar batir, ka kuma rufe hanyar tartsatsi zuwa tankin fetur. Cikakkiyar waldar kuwa a waje za ka yi ta. Ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fulayen kwanon ka ga suna layi ɗaya. In ka bi awon tsoho da kyau, bel na asali zai shiga. In bai shiga ba, ka bi hanyar da igiya mai kauri, fulin matsi yana tsakiyar tafiyarsa, ka auna. Faɗin bel yawanci rabin inci ne ko inci biyar bisa takwas. Ka sayi wanda aka yi don injin yankan ciyawa, mai zaren nan mai ƙarfi da ake kira aramid, domin bel ɗin mota ba ya jure lanƙwasa ta baya da fizgar kunna wuƙa.

Sai ka haɗa komai ka gwada ɗagawa da saukewa kafin fenti. Bayan nan ka kwance, ka gurje baƙin ɓawon fallen da tartsatsin walda, ka wanke maiƙo, ka shafa fentin hana tsatsa, ka bi da fenti mai tauri sau biyu, ciki da waje. Ka bar shi kwanaki ya bushe sosai. Ban son baƙin shafin roba a ciki, domin da ya fara ɓallewa ruwa yake riƙewa a bayansa. Duk inda ka ga ruwa zai iya kwanciya a sama, ka huda ƙaramin rami.

Mataki na biyar: ratayawa da saiti

Wannan ya shafi kowa, wanda ya saya da wanda ya ƙera.

Ka ɗaura wuƙaƙe fiffikensu yana kallon sama, wajen kwano. Ka rataya kowace a kan ƙusa ta ramin tsakiya, in gefe ɗaya ya rinjaya ka ɗan gurje shi har ta tsaya daidai. In ramin shaf mai siffar tauraro ne, ka tabbata wuƙar ta zauna cikin haƙoran kafin ka ɗaure. Ka tokare ta da guntun katako, ka ɗaure kusar da sifana mai auna ƙarfi, gwargwadon abin da littafin taraktarka ya ce.

Ka fara da iskar tayoyi, domin taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta karkatar da yanka duka. Sai ka ɗaga kwanon zuwa tsayin da ka saba yanka, ka juya wuƙaƙen gefe su gitta, ka auna daga ƙasa zuwa bakin wuƙa a hagu da dama. A bakin wuƙa ake awo, ba a leɓen kwano ba. Bambanci kada ya wuce milimita 3. Daga nan ka juya wuƙa ta kalli gaba da baya: bakin gaba ya zama ƙasa da na baya da milimita 3 zuwa 6. Hakan ke sa a yanki ciyawa sau ɗaya a gaba, ba a sake dukanta a baya ba, inji ya samu sauƙi. Ƙananan tayoyin gefe su tsaya kaɗan sama da ƙasa, kamar kaurin yatsa, su taɓa ne kawai in an hau tudu.

Gwajin farko ka yi shi a kan ciyawar da ka tsince duwatsunta, ba kowa a kusa, kana zaune a kujera da tabarau a idonka. Ka kunna wuƙa na 'yan daƙiƙu ka kashe. Ka saurari ƙarar guga, ka ji ko jijjiga ta yi yawa, ka ga wuƙaƙen sun tsaya cikin daƙiƙu kaɗan. In sun ci gaba da juyawa, birki ko matsin bel yana buƙatar gyara. Makunnin da ke ƙarƙashin kujera, wanda ke kashe inji in ka tashi, kada ka taɓa haɗe wayarsa don sauƙin gwaji. Ka kashe inji, ka cire wayar fulogi, ka taɓa gidajen shaf ka ji ko ɗaya ya fi sauran zafi, ka duba bel ko yana fitar da baƙin gari, alamar fuli ba sa layi ɗaya.

Sai ka yanki layi biyu ko uku ka sauko ka karanta ciyawar. Siririn layin da ba a yanke ba a tsakiya yana nufin hanyoyin wuƙaƙe ba su hau juna ba, ko wuƙaƙen sun gajarce saboda cinyewa. Yanka mai hawa-hawa, wani ɓangare sama wani ƙasa, shaf ɗaya ne ya karkace, kuma siririn washa a ƙarƙashin kunnen gidansa yakan gyara ƙaramin bambanci. Dunƙulen ciyawa da ke zubowa ta ƙasa kuwa shingayen ciki ne ko ƙofa ta yi ƙunci. Bayan sa'ar farko ta aiki ka sake bin kusoshi duka da sifana, kuma in kwanon na ƙira ne, ka duba walda kewaye da gidajen shaf da gindin maratayai da tocila a 'yan makonnin farko, domin nan tsaga ke fara fitowa siririya kamar gashi. In ka gan ta, ka huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don ta daina tafiya, ka gurje ta, sannan ka cike da walda.